Takardar da Allura Ba Ta Bi Ba

Maƙwabcina yana gini. Kwanan baya mota ta sauke masa siminti a ƙofar gidana, saboda tasa ƙofar yashi ya cike ta, magina suka yi ta farke buhuna suna jefarwa gefe. Na sa aka miƙo mini guda, na murza shi a hannu. Wani abu ne kamar leda da aka saƙa, mai santsi, fensir ba ya kama shi, allura kuwa in ta shiga sai ya tsefe. Na daɗe da sanin an daina zuba siminti a buhun takarda, ba ranar na fara gani ba. Amma na zauna riƙe da shi har aka kira azahar. Ban yi baƙin ciki ba, ban ji komai ba, zama kawai na yi. Daga baya na ga gara in rubuta abin da na sani game da waccan takardar tun hannuna yana iya riƙe biro. Karatuna bai yi nisa ba, mai karantawa ya yi haƙuri da yadda ya samu.

Mu gidan teloli ne a Bagudo, amma ba riga da wando muka fi ɗinkawa ba. Sana'armu bargon auduga. Atamfa a sama, akoko a ƙasa, auduga a tsakiya, sannan a bi da keken ɗinki a danne su wuri guda. Audugar daga ƙetaren iyaka take zuwa, ƙasar Benin, a cikin manyan ƙunsuna da ake azo wa jakuna, daga baya a mota. Innarmu da matan gida su ke gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta da baka har ta tashi kamar kumfa. Na tashi da ƙarar bakan nan a kunnena, tin, tin, tin, daga cikin gida, keken Baba kuma yana amsa mata daga zaure. Masu saye sun kasu. Akwai iyayen amarya da ke son na shimfiɗa bisa gado, akwai Fulani masu tafiya da shanu ƙetare in sanyi ya shigo, akwai masunta da ke kwana cikin jirgi. Yanzu duk waɗannan leda suke ɗagowa daga shago, da bargo a ciki mai laushi, an zana masa damisa ko fure, ba wanda ya san hannun da ya yi shi. Ba na cewa ba shi da ɗumi. Ni ma shi nake rufa da shi.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka zanen da ke jikin bargo ado ne kawai. Ɗinkin nan shi ke riƙe audugar. In ka bar fili babba ba ɗinki, wanki ɗaya za a yi ta dunƙule a kusurwa kamar tuwo, sauran bargon ya zama zane biyu ba komai a tsakani. In kuma ɗinkin ya yi yawa, ya sandare kamar fata. Saboda haka ba a hawa keke sai da takarda. Ana zana fasalin a jikinta, a ɗora bisa atamfar, a kama da dogon zare, tela ya bi layin fensir da allura ta cikin takardar har ƙasa. In an gama a shafa jiƙaƙƙen tsumma, a yage takardar, a tsince ragowar da ta maƙale ƙarƙashin zare. Kowace takarda sau ɗaya take aiki. Bargo guda yakan ci falle da dama, kuma dole kowane falle ya haɗu da ɗan'uwansa baki da baki, yadda ba za a gane mahaɗa ba.

Wannan aikin na Yayana ne. Shan-inna ya same shi tun yana ƙarami, kafin a haife ni, ƙafafunsa duka biyu suka shanye. Da hannu yake tafiya, yana da wasu katakai guda biyu da yake dafawa. Ba zai iya taka keke ba, sai Baba ya ba shi takarda. Shi ke aika a roƙo buhunan siminti duk inda ake gini, makaranta ko asibiti ko gidan wani mai hali. Buhun falle uku gare shi. Na waje ya yi datti, na ciki siminti ya cinye shi, na tsakiya shi ne namu. Zai ɓare shi a hankali, ya kaɗe, ya danne ƙarƙashin tabarmarsa ya zauna a kai har ya miƙe. Kayan aikinsa ba su da yawa: guntun fensir da yake feƙewa da reza, almakashi, murfin kwano da bakin tasa don da'ira, ƙusa da zare don babbar da'ira. Yana da zane da ya gada wurin Baba, dagi da saƙar zuma, yana da kuma nasa na kansa da ya tsinta a bakin kogi ranakun da ake ɗaukarsa a kai shi: ganyen bado, ƙayar kifi, sawun kada. In yana zane ba ya magana, harshensa a ɗan waje. In ya gama falle ya ɗaga shi wajen hasken ƙofa ya daɗe yana kallo.

Baba ba mai yawan magana ba ne, amma na ji shi ba sau ɗaya ba yana gaya wa baƙi, in sun yaba bargo, "Ba ni za ku gode ma ba, ga mai aikin nan zaune. Mu bin shi muka yi." Yaya sai ya sunkuyar da kai yana feƙe fensirin da ba ya bukatar fiƙa. A gidanmu ba a taɓa zuba masa abinci don tausayi ba. Kwanonsa ake fara fitarwa bayan na Baba.

Da Baba ya rasu keken ya dawo hannuna. Na riga na yi aure lokacin, ƙafata da ƙarfi, idona ras. Na ga zaure ya yi mini lungu, sai na kama rumfa a bakin tasha inda fasinjojin iyaka ke sauka, na kwashe keke na kai can. Yaya bai hana ba. Shi ya zauna gida, don hanyar tasha yashi ce da kwata, ba ta biyuwa da hannu. Kowace safiya zan tarar ya naɗe takardun ranar ya ɗaure da tsumma ya ajiye a bakin ƙofar zaure. In ɗauka in ɗaure bayan basukur in tafi. Da yamma ya tambaye ni ko mahaɗa ta zauna daidai, in ce ta zauna.

Wata kaka shinkafa ta yi kyau a fadama, aure ya yi yawa, aiki ya taru mini. Takarda tana da wahalarta. Tana dakushe allura, yagarta tana cin lokaci fiye da ɗinkin kansa, ga tsintar ragowa da ke sa ido ruwa. Rannan takardun da na zo da su suka ƙare da sauran rana, ga mai bargo zaune yana jiran mota. Na dubi atamfar, na ga ganyen bado a idona kamar an zana. Na taka keke na bi shi da ka. Mai bargo ya karɓa, ya juya, ya yi godiya ya tafi. Washegari na sake gwadawa, takardun suna ajiye gefe. Kafin sanyi ya fita na daina kwance tsumman ma.

Ban gaya wa Yaya ba. A lokacin na ɗauka kirki nake yi masa. Na ce a raina in na faɗa masa, me zai yi da yininsa? Gara ya ci gaba da zanensa, ni in ci gaba da ɗauka. Takardu suka taru ƙarƙashin teburin keke har ƙafata ba ta samun wurin taka feda. Ina tsoron wani daga gida ya leƙo ya gani. Ƙona su kuma na kasa, na kai su bakin murhun mai shayi sau ɗaya na dawo da su. Sai na tuna Lolo, kasuwar bakin iyaka da nake zuwa sayen auduga, can ƙetaren kogi, inda Yaya bai taɓa zuwa ba kuma ba zai je ba. Na riƙa kai su can ina ba wata mai bandar kifi tana naɗe wa masu saye. Ta ji daɗi ƙwarai, ta ce takarda mai ƙwari irin wannan man kifi ba ya huda ta. Takan ba ni kifi in ci a hanya, ina ci.

Akwai wata 'yar kasuwa cikin Dandawa, mutanen bakin iyaka, da ke sarar bargunanmu tana kaiwa ƙasar Benin tun zamanin Baba. Hajiyar ƙetare muke ce mata. Babbar mace ce mai dariya da ƙarfi, ta girme mu duka, amma ta mai da Yaya abokin wasanta, angona take ce masa. Ko da na koma tasha, ba ta zuwa Bagudo ba ta biya zaure ta gaishe shi da tsaraba ba. Wata rana bayan la'asar na rako ta gida, ta shiga da sallama tana haki.

"Angona, kana nan kana ta ɓata takardun mutane? Yaushe za ka biya sadakina?"

"Sai kin rage cin goro, Hajiya. Wa za ya auri mace da haƙora awa jan bulo?"

"Ji shi. To ga kifi, ka ci ka yi ƙiba, ko dangina su yarda da kai."

Ta ajiye ƙunshin a gabansa. Tun kafin ya taɓa na gane launin takardar. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban matsa ba. Yaya ya kwance ƙunshin, ya juye kifin a faifai, ya kai hannu zai dunƙule takardar sai ya tsaya. Ya shimfiɗa ta bisa cinyarsa, ya goge da gefen hannu. Mai ya ɓata ta, amma sawun kada yana nan, layi bayan layi. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa, inda nake tsaye, har sai da na kauce. Takardar da aka ɗinka ba ta dawowa ɗungum, kuma ko guntunta ka ɗaga za ka ga haske yana fitowa ta hujin allura. Wannan ko huji ɗaya babu.

Hajiya ta leƙa. "Af, wagga ba zanenka ba ne? Ai can duk masu kifi da shi suka naɗi, wata mai banda can takan rarraba musu. Ni har ce musu nika yi, ku riƙe da daraja, hannun angona ne. Ragowar da kunka zubar ce ko?"

"Ragowa ce," in ji Yaya.

Ya ninke takardar gida huɗu ya sa ƙarƙashin tabarma. Suka ci gaba da wasansu, ta sha ruwa, ta tashi ta tafi masaukinta. Sai da tafiyarta ta ɓace ya ce in zauna. Na zauna.

"Tun yaushe?"

"Tun kaka waccan, Yaya."

"Bargunan da Hajiya ta ɗauka bara hwa?"

"Da ka na ɗunka su."

"An maido ko ɗaya?"

"A'a."

"An koka?"

"Ba a koka ba."

Ya gyaɗa kai. "To madalla. Hannunka ya faɗa." Ya ɓare kifin, ya tura mini rabi, ya ƙwala wa Inna kira a kawo yaji. Muka ci. Da ya yi faɗa, da na san abin da zan ce, don na daɗe da shirya amsa: yawan aiki, tsadar allura, masu jiran mota. Bai ba ni wurin faɗinta ba. Har yau tana nan ban yi amfani da ita ba.

Da safe na fito, bakin ƙofar zaure ba komai. Yana zaune a tabarmarsa, ya yi wanka ya sa riga, hannuwansa bisa gwiwa. Na gaishe shi ya amsa. Haka muka yi ta yi. Yana yini yana kallon masu wucewa. Aka kawo masa buhunan siminti daga wani gini, ya ce a kai wa mai ƙosai. Inna ta tambaye ni abin da ya faru, na ce ban sani ba. Ta tambaye shi, ya ce idonsa ne ke yi masa yaji. Ta riƙa dafa masa magani yana sha. Abincinsa ya ragu, ba don an rage masa ba, shi ke mai da kwano da saura. Da damina ta yi nisa, shinkafa ta fara fitar da kai, ya ce a kai shi Kaoje wurin ƙanwarmu da ke aure can, ya ji mijinta yana neman mai korar tsuntsu. Inna ta ce wannan ai aikin yara ne. Ya ce aiki ne dai. Ni na ɗauke shi na sa a mota, ni na riƙe shi a jirgin fito. Duk hanya maganar ruwan bana muka yi.

Na ci gaba da ɗinki, kasuwa ba ta tsaya ba. Amma abin da ke cikin kaina zane uku ne ko huɗu, kuma kullum hannu yana neman hanya mafi sauƙi. Ni ban lura ba. A hankali ganyen badona ya rasa tsagarsa, ya zama da'ira. Sawun kada ya rage yatsu. Filin da ke tsakanin layi ya riƙa faɗi, don ƙafa tana son ta gama. Bayan wasu shekaru Hajiya ta zo rumfa, ta ɗaga wani bargo ta daɗe tana dubawa, ba dariya.

"Wanga mi ne ne, bado ko faifai? Can sun ce sun gaji da shi. Wata ta wanke nata, kaɗa, audugar ciki, duk ta gudu gefe guda. In babu sabon zane, ni dai ƙafata ta huta da Bagudo."

Wannan ne ya kai ni Kaoje da naɗin takarda a hammata. Ina so a san haka. Na sha zuwa gaishe shi da salla, ban taɓa ɗaga maganar ba, sai da aiki ya matse ni.

Na same shi a fadama. An kafa masa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, ana ɗora shi da safe a sauke shi da yamma. Igiyoyi sun fita daga rumfar zuwa kowace kusurwa, an rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. In garken tsuntsayen jan-baki ya sauko, ya fizgi igiyar wajen, gwangwanaye su ɗauki ƙara, ya bi su da ihu. Ban taɓa jin muryarsa da ƙarfi haka ba. Ya yi baƙi, kafaɗunsa sun ƙara faɗi. Na hau na zauna kusa da shi, ya dubi abin da ke hammatata. Muka gaisa, ya tambayi Inna da yara. Na faɗa masa abin da Hajiya ta ce, ban rage ba.

"Tana nan da goronta?"

"Tana nan."

Ya karɓi takardar, ya murza gefenta. "Falle na ciki ka ɓaro. Wagga ba ta jimre allura." Ya zaɓi masu kyau ya mayar mini da sauran. "Ka dawo wata kasuwa. Amma in ka ɗunka, ka tara min abin da ka yage, ka kawo."

Na dawo na tarar ya zana. Zangarniyar shinkafa ce, ta sunkuya, kowace tana shiga ƙarƙashin 'yar'uwarta, babu inda aka bar fili ya wuce tafin hannu. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma shi ne mafi wuya da na taɓa ɗinkawa. Na sa sabuwar allura, na bi layinsa a hankali kamar mai koyo. Na manta yadda allura ke ƙara a cikin takarda, ƙas ƙas ƙas, har maƙwabcin rumfata ya leƙo ya ga ko keken ya lalace. Da na gama na jiƙa, na yage, na tsince har ɗan guntun da bai kai farce ba, na zuba duka a jaka. Hajiya ta ɗauki bargon ba ta ko taya ba, ta ce a yi mata irinsa duk yadda za a iya.

Na kai masa jakar a fadama. Ya zazzage a cinyarsa, ya riƙa ɗaukar gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa sama, rana tana fitowa ta hujojin. Bai yi sauri ba. Tsuntsaye suka sauka a kusurwar gabas, ya ja igiya da hannu ɗaya bai ko duba ba. Can ya tsaya a kan wani guntu, ya miƙo mini, ya nuna da farce inda hujin ya bar layin fensir da kamar faɗin ƙwayar shinkafa.

"Nan ka yanke."

"Na gani, Yaya."

"Sauran ya yi."

Ya tattara su ya mayar jaka ya ajiye a gefensa. Na ce Hajiya tana son ƙari. Na ce zan mai da keke zaure in ya fi son haka, rumfar tasha ba dole ba ce. Na ce Inna tana tambayarsa kullum. Ya saurare ni har na gama, idonsa a kan gona.

"Ka ga zanen, ka ɗunka shi sau ɗaya. Ya shiga kanka ai."

"Ba haka nika so ba. Ka dawo gida."

"Tsuntsaye sun yi yawa bana," ya ce, ya fizgi igiya.

Da shekara ta zagayo na sake tambayarsa, ya ba ni amsar nan. Wadda ta biyo ma haka, ko da yake a shekarar ruwa ya cinye gonar tun shinkafa ba ta fitar da kai ba. Daga nan ban ƙara tambaya ba. A Kaoje aka binne shi.